Yadda Ake Haɗa Zaman Tsofaffin Ma'aikatan Reluwe da Adana Tarihin da ke Bakinsu

Duk garin da dogo ya ratsa a Arewa, daga Minna zuwa Nguru, daga Kafanchan zuwa Maiduguri, ba ka rasa dattawan da suka ƙarar da ƙarfinsu a aikin reluwe. Suna kwatas, suna majalisar bakin tasha, suna layin tantance 'yan fansho. Mafi yawan waɗanda suka yi aiki da jirgi mai kwal sun haura saba'in, kuma abin da suka sani ba a fayil yake ba. Fayil zai faɗa maka shekarar da aka ɗauki mutum aiki, amma ba zai faɗa maka yadda ake hawa da jirgin gyaɗa kan tudu da damina ba tare da ƙafafunsa sun yi sulɓi ba. Na daɗe ina haɗa irin wannan zama, kuma abin da nake so mai farawa ya riƙe tun yanzu shi ne aiki biyu ne a ciki: zaman zumunci daban, ɗaukar tarihi daban. Wanda ya cakuɗa su zai tashi da waya cike da hayaniya da dariya, babu abin da jikokinsu za su iya saurara.

Kayan aiki da mutanen da kake buƙata

Waya biyu masu isasshen wuri, ɗaya ta ɗaukar murya, ɗaya ta hoto. Murya ita ce jarin, bidiyo ƙari ne. Muryar awa ɗaya ba ta cin wani wuri, amma bidiyon awa ɗaya mai kyau yana iya lashe giga biyar ko fiye. Ka tanadi caja da fawa-banki cikakke, kada ka dogara da wuta.

Ƙaramin makirfo mai maƙalawa a wuyan riga. In babu, na jikin abin sauraren kunne ma yana yi. In shi ma babu, ka ninke tawul ko hula a kan tebur ka ɗora wayar, bakinta yana kallon mai magana, tazarar kamu ɗaya. Tawul ɗin yana hana ƙarar buga tebur shiga.

Babbar rajista mai bango mai tauri, da fensir, da biro, da manyan ambulan, da farin kwali ko farin ƙyalle na shimfiɗa takardu a ɗauke su hoto. Filas biyu ko katin memori biyu.

Taswirar layin dogo. Ba sai ka sayo ba, ka zana da hannunka a kan babban kwali da maka: layi daga Jebba zuwa Minna, Kaduna, Zariya, Kano, Nguru, reshe daga Minna zuwa Baro, daga Zariya zuwa Funtuwa, Gusau, Kaura Namoda, daga Kaduna zuwa Kafanchan, Jos, sannan daga Kuru, kusa da Jos, zuwa Bauchi, Gombe, Maiduguri. Manyan tashoshi kawai za ka rubuta. Ƙananan ka bar su, akwai dalili.

Kujeru masu majingina, ba benci ba. Tabarmi, butoci, ruwan sha, goro, shayi da sukarinsa a gefe, domin cikinsu akwai masu ciwon suga da hawan jini.

Mutum huɗu sun isa: mai gabatar da zama, mai tambaya, mai rajista, mai hoto. Lallai a samu mace a cikinsu ko a ƙara ta ta biyar. In ku biyu ne kawai, a rage yawan baƙi, kada a rage aikin rajista.

Shekarun da za ka haddace kafin ka zauna gabansu

Ba sai ka zama malamin tarihi ba, amma dattijo yana gane wanda ya zo hannu rabbana. An fara shimfiɗa layin Baro zuwa Kano a 1907, jirgi ya iso Kano a 1911, aka haɗe shi da layin Legas a ƙarƙashin hukuma ɗaya a 1912. Layin gabas da ya taso daga Fatakwal ta Inugu, inda ake haƙo kwal, ya haɗu da na Arewa ta Kafanchan a 1927. Dogo ya kai Kaura Namoda a 1929, Nguru a 1930. Ƙaramin layin nan na kuza daga Zariya zuwa Jos an rufe shi a 1957. An kafa Hukumar Jiragen Ƙasa ta Najeriya a 1955, hedikwatarta a Ebute Metta da ke Legas. Layin Borno ya isa Maiduguri a 1964. Daga 1979 zuwa 1982 Indiyawa ne suka riƙe ragamar gudanar da hukumar. Faɗin tsohon dogo ƙafa uku da inci shida ne, na Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016 ya fi shi faɗi, shi ya sa jirgin wannan ba ya hawa layin wancan. Wannan ya ishe ka.

1. Nemo dattijon da zai buɗe maka ƙofa

Kada ka fara da buga takardar gayyata. Je masallacin kwatas ko majalisar da suke zama, ko ofishin ƙungiyar 'yan fanshon reluwe na garinku, ka tambayi wanda ake jin maganarsa. Sau da yawa ba shi ne ya fi kowa muƙami a da ba, shi ne dai wanda ake kira in an yi rasuwa ko rikici. Ka je gidansa da goro, ka gaida shi da kyau, ka ce, "Baba, so muke mu tara ku mu ji tarihin aikinku daga bakinku, mu ajiye wa na baya. Ba daga gwamnati muke ba, ba mu da alaƙa da biyan fansho, ba kuma siyasa ba ce." Wannan jimla ta ƙarshe ka faɗe ta tun ranar farko, ka kuma maimaita ta a duk gidan da ka shiga. Mutanen da suka sha cike fom suna jiran haƙƙinsu, da sun ga matashi da rajista sai su ɗauka tantancewa ce. In suka zo da wannan zaton suka tarar da hira, ka ɓata zaman kuma ka ɓata sunanka.

In garinku ba ƙungiya, tambayi ma'aikatan da ke tasha yanzu. Da yawansu 'ya'yan tsofaffin ma'aikata ne.

2. Tsara jerin sunaye bisa sashen aiki

Nan ne masu farawa suka fi yin kuskure. Dattijon da ya buɗe maka ƙofa zai lissafo abokansa, abokan nan kuwa galibi 'yan sashensa ne. In direba ne, za ka tashi da direbobi zalla. Ka raba shafin rajista gida-gida: direbobi da masu zuba kwal, masu kula da taragai da masu duba tikiti, shugabannin tasha da akawuna, masu sigina da masu juya layi, makanikan loko (wurin ajiya da gyaran kawunan jirgi), leburorin dogo da helumominsu, masu famfon ruwa, ma'aikatan asibitin reluwe, masu dafa abinci a jirgi. Duk gidan da ya zauna babu suna, ka ci gaba da tambaya har ya samu.

Leburorin dogo su ne suka fi wuyar samu, su ne kuma na fi so a samu. Su suka kwana a daji a ɗakunan gefen layi, su suka san gadar da ruwa ke ci kowace damina, su suka san inda yashi ke binne dogo ta wajen Nguru. Ba su da takardu masu yawa, ba kasafai ake ɗaukar su hoto ba, kuma da suka yi ritaya ƙauyukansu suka koma. In an ce wane yana Malam Madori ko Gwada, ka rubuta, ko ba zai zo ba za ka bi shi.

Kada ka manta reluwe ta tara kowa. Akwai Yarabawa da Ibo da Nufawa da Tibi da mutanen kudancin Kaduna da suka yi ritaya suka zauna a Sabon Gari ko kwatas, Hausa a bakinsu kamar jakin Kano. Zaman da babu su bai cika ba. Ga zaman farko, mutum goma sha biyu zuwa ashirin sun isa.

3. Wuri da lokaci

In so samu ne a yi a harabar tasha ko kusa da loko, domin ganin tsohon tankin ruwa ko matacciyar sigina yana tayar da labarin da tambaya ba za ta tayar ba. Amma wurin na hukuma ne, sai ka rubuta wa shugaban tasha ko ofishin gunduma takarda, ka ambaci cewa za a ɗauki hoto. A Arewa akwai ofisoshin gunduma a Zariya, Minna, Kafanchan da Bauchi. In izini ya yi jinkiri, ajin firamare ranar Asabar ko zauren mai unguwa sun wadatar. Abin dubawa uku ne: inuwa, banɗaki kusa, da rashin matakala. Ka kuma tsaya a wurin ka saurara: in akwai injin niƙa ko janareta ko titin 'yan adaidaita kusa, nemi wani.

Lokaci daga ƙarfe tara zuwa azahar. Ban da Juma'a, ban da safiyar Lahadi, ban da azumi, ban da tsakiyar bazara. In lokacin hunturu ne, a ɗaga zuwa goma.

4. Gayyata da batun kuɗi

Baki da baki ake gayyatar dattijo, sannan a tuna masa ta waya ana gobe, a kuma faɗa wa ɗa ko jikan da zai rako shi. Ka roƙe shi ya zo da duk abin da ya rage masa na aiki: takardar ɗauka, katin shaida, fas na shiga jirgi, littafin ƙa'idoji, hula, maɓallan kaki, usur, fitilar sigina, hotuna. Ka faɗa masa a fili cewa da kayansa zai koma, hoto kawai za a ɗauka.

Kuɗin mota wajibi ne. A sa a ambulan, kowa daidai da nisan gidansa, a miƙa a keɓe lokacin tafiya. Kada a kira shi kuɗin hira, domin ranar da aka fara sayen labari, labari zai fara tsawo yana ƙaruwa da gishiri. In wani mai hali zai ɗauki nauyi, madalla, amma ban da ɗan takara da fastocinsa. In babu mai taimako, 'ya'yan ma'aikatan sukan yi karo-karo da daɗin rai, in dai an yi musu alkawarin kwafin muryar mahaifinsu.

5. Ranar zama

A buɗe da addu'a ta Musulmi da ta Kirista, gajeru. A yi wa waɗanda suka riga mu gidan gaskiya addu'a, a bar su su ambaci sunaye, mai rajista yana rubutawa. Sannan kowa ya gabatar da kansa: suna, shekarar shiga, shekarar fita, sashe, tashoshin da ya zauna. Minti biyu-biyu. Kujeru a da'ira, babu babban tebur. In ka jera tsofaffin manya a gaba, tsohon lebura zai koma baya ya yi shiru kamar yadda ya saba yi shekara talatin.

Maganar fansho da garatuti za ta taso, ko ka so ko ba ka so. Kada ka danne ta. Haƙƙinsu ne, kuma ita ma tarihi ce. Ka ware mata rabin awa tun farko, ka ce, "Iyayenmu, mu fara da abin da ke ci muku tuwo a ƙwarya, sannan mu koma zamanin aiki." A saurara da gaske, a rubuta, amma kada ka yi alkawarin kai kuka inda ba ka da iko.

Daga nan sai a fito da taswira a kafe ta a bango, a miƙa wa wani maka a ce, "Baba, tsakanin Kano da Nguru tashoshi nawa ne? A cike mana." Nan zaman yake kamawa. Wani zai ce Jogana, Zakirai, Ringim, wani ya katse shi ya ce ya tsallake ɗaya, a yi ta musu a kan wadda ke da ruwa da wadda ba ta da shi, da inda jirage biyu ke iya wuce juna. Mai tambaya ya yi shiru ya buɗe kunne, yana rubuta wanda ya ambaci wani abu mai nauyi: "Baba mai shuɗiyar hula, gobarar tarago", "Baba na bakin ƙofa, yajin aiki". Wannan jerin shi ne ribar ranar. Ana iya kunna waya ta ɗauki zaman gaba ɗaya don tunawa, amma kada ka ɗauka ka gama ɗaukar tarihi.

Kafin a ci abinci a ɗauki hoton kowa da kowa, nan take mai rajista ya rubuta sunaye daga hagu zuwa dama, layi-layi. In aka bar shi sai gobe, za a rasa sunan mutum uku.

6. Hira ɗaya-ɗaya

Wannan shi ne ainihin aikin, kuma ba ranar taro ake yin sa ba. A cikin makonni biyu da suka biyo baya ake bin su gida, tun zukata suna da ɗumi. Fara da wanda ya fi tsufa ko ya fi rauni, ba wanda ya fi iya zance ba.

A zauna a ɗaki mai labule ko katifa, a kashe fanka da rediyo, a sa waya a yanayin jirgin sama don kada kira ya yanke ɗauka. A gwada rabin minti a saurara. Da ka kunna, ka faɗi kwanan wata, gari, sunanka da nasa, sannan ka tambaye shi, "Baba, kun yarda a ɗauki muryarku, a ajiye, ɗalibai da jama'a su saurara?" Amsarsa ta shiga cikin ɗaukar. Ka ƙara tambaya ko ya yarda a sa a intanet, domin wannan izini ne daban.

Hira kamar jan ruwa a rijiya take, in ka fizgi guga rabin ruwan zai zube. Kada ka ce "ba mu tarihin reluwe", zai ba ka jawabin da ya saba yi: da komai lafiya, yanzu komai ya lalace. Tambayi abu ƙarami wanda hannu ya taɓa. Wa ya kai ku aikin? Ranar farko me aka ba ku ku riƙe? Nawa ne albashin farko, me kuka saya da shi? In jirgi zai tashi da asuba, ƙarfe nawa ake hura wuta, wa ke zuwa tashin direba? A ina ake shan ruwa tsakanin Zariya da Kano? Me kuke ci a hanya? Da aka kawo jirgi mai dizal, ina masu zuba kwal suka nufa? Kakar gyaɗa, lokacin da dala ke tsaye a Kano, kwana nawa kuke yi ba ku ga gida ba?

Tambayar da ta fi yi mini aiki ita ce, "Ku nuna mini yadda ake yi." Wani tsohon mai zuba kwal da na yi wa ita, yana zaune shiru yana ba ni amsa guntu-guntu, sai ya miƙe ya karɓi tsintsiya a hannun jikarsa. Ya kafa ƙafar hagu, ya juya ƙugu, ya nuna yadda ake watsa kwal kusurwa huɗu na murhu, ba a jibge shi tsakiya ba, domin in ya taru wuri ɗaya wuta ta shaƙe, tururi ya faɗi, direba ya harare ka. Ya nuna yadda yake kare ido da shebur ya leƙa launin wutar. A irin wannan lokaci ake kunna bidiyo. In babu bidiyo, ka riƙa faɗar abin da yake yi da baki don ya shiga murya.

Dattawa ba su cika riƙe shekara da lamba ba, suna riƙe ta da abin da ya faru. In ya ce "lokacin nan", ka tambaya: kafin zuwan Sarauniya ne a 1956 ko bayansa? An sami 'yancin kai? Sardauna yana da rai? Ana yaƙin basasa? An koma tuƙin dama, wato 1972? Da fam da sule ake biyan ku ko an canja zuwa naira a 1973? Kafin kuɗin Udoji, wato ƙarin albashin zamanin Gowon, ko bayansa? Murtala ne ke mulki? Indiyawa sun zo? Da tambaya biyu irin wannan za ka matse labari cikin shekara biyu ko uku.

Kada ka gyara masa magana yana cikin yi. In ya ce a 1960 jirgi ya fara zuwa Maiduguri, ka bar shi, ka sa alama a littafinka. Kada ka cike shiru. In ya tsaya yana kallon ƙasa, ka ƙirga goma a zuci, abin da zai biyo baya yakan fi na gabansa. Ka kuma rage "eh", "haka ne", "ikon Allah" da muka saba yi, gyaɗa kai ya wadatar, in ba haka ba muryarka za ta hau kan tasa.

Akwai wurare masu zafi. Rikicin 1966, lokacin da ma'aikata 'yan kudu da dama suka bar tashoshin Arewa aka wayi gari babu masu riƙe wasu ayyuka. Haɗarin jirgin ƙasa da aka yi a Langalanga a 1970. Mutumin da jirgi ya take a gaban idon direba. Rage ma'aikata da aka sha yi. In ya shiga da kansa, ka bi shi a hankali. In ya kauce, kada ka ja shi. In ya ambaci sunan wani da laifi, ka tambaye shi bayan an gama ko a ɓoye sunan, kai ma ka ɓoye in za a fitar wa jama'a. In hawaye ya zo, ka dakatar da waya ka miƙa ruwa.

Awa ɗaya ta isa, in ta yi yawa awa ɗaya da rabi. Gara ka dawo sau biyu. Tambayar rufewa: "Wa kuke ganin ya kamata mu je wurinsa?"

Waɗanda suka yi yajin aikin gama-gari na 1945, wanda ma'aikatan reluwe da jagoransu Michael Imoudu suka yi fice a cikinsa, da wuya ka same su a raye. Amma aikin reluwe gado ne a gidaje da yawa, saboda haka ka riƙa tambaya, "Mahaifinku ya taɓa ba ku labarin nasa zamanin?" Ka dai rubuta a rajista cewa wannan ji ya yi, ba gani ba.

7. Takardu, hotuna da kayan aiki

Shimfiɗa farin kwali a inuwa mai haske, bakin ƙofa ko ƙarƙashin rumfa. Kashe fitilar waya. Riƙe wayar daidai saman takarda, kada ta karkata. Ɗauki gaba da baya, domin bayan hoto yakan ɗauki hatimin mai hoto ko kwanan wata. Kowane abu a ba shi lamba a rajista: na wane ne, mene ne, wace shekara, su wa ke ciki, a wace tasha. A tambayi mai shi yana zaune, kada a bari sai an koma gida.

Galibi a akwatin ƙarfe ko tsohuwar jaka za a fito maka da su, an naɗe a leda, gefe ya ci gara, fil ya yi tsatsa ya huda shafi. Cire fil ɗin a hankali. Takardar da ta manne da wata, kada ka ɓamɓare, ɗauke ta yadda take. Abu uku ka hana iyali da kanka: liƙa salatef a inda ya yage, rubutu da biro a bayan hoto, da kai takarda a manne ta cikin leda da zafi. Wannan na ƙarshe mutane suna ganin gata ne, alhali in an yi ba a iya warwarewa, zafin kuma yana cin tawada. Ambulan mai tsabta, rubutu da fensir, a ajiye a saman kabad nesa da bango mai danshi.

In wani ya ce ya ba ka kyautar fitila ko hula, kada ka karɓa sai 'ya'yansa sun sani, kuma sai kana da inda za ka kai. Kayan da ke harabar tasha kuwa, ko guntun ƙarfe ne da ya yi shekara arba'in a ciyawa, na hukuma ne. Hoto kawai.

8. Mata da mutanen bakin tasha

A ware wa matan ma'aikata zamansu, mace ta jagoranta. Su suka san rayuwar kwatas: canjin wurin aiki daga Gusau zuwa Kafanchan da yara biyar, zama da maƙwabta masu yare daban-daban a famfo ɗaya, adashi, watannin da albashi bai zo ba. Wata dattijuwa ta ce mini tana gane busar mijinta tun jirgi bai shigo gari ba, sai ta ɗora ruwan wanka. Wadda mijinta ya rasu takan riƙe takardunsa fiye da yadda shi zai riƙe. Haka masu tallar abinci ta taga, da 'yan dako, da fataken shanu da na goro da suka yi shekaru suna loda kaya a tarago. Ba ma'aikata ba ne, amma sun san jirgi ta ɓangaren da ma'aikaci bai sani ba.

9. Adanawa

A daren ranar da aka yi hira a kwashe ta daga waya. Sunan fayil ya zama shekara, wata, rana, gari, suna, sashe. Kwafi uku a wuri uku: kwamfuta, filas a gidan wani daban, da ma'ajiyar intanet kamar Google Drive. Kada ka mai da WhatsApp rumbunka, yana rage ingancin hoto, kuma waya tana ɓata. In dole ka tura ta nan, tura a matsayin fayil.

Rubuta hira kalma da kalma yana cin lokaci, awa ɗaya takan ci awa biyar ko shida. In babu hali, yi taƙaitawa da mintuna: minti 12, shan ruwa a Challawa, minti 31, zuwan dizal. In za ka rubuta cikakke, rubuta yadda ya faɗa, da karin harshensa da kalmomin aikinsu, kada ka mai da Basakkwace Bakano.

10. Tantancewa da mayar da amana

Inda mutum biyu suka saɓa, a ajiye duka biyun, kowanne da sunan mai shi. Shekaru da sunayen tashoshi ana iya gwada su da takardun Ma'ajiyar Tarihi ta Ƙasa da ke Kaduna, ko a Arewa House, cibiyar tarihi da ita ma ke Kaduna. Gyaranka ya zauna a gefen shafi, kada ya shiga cikin maganarsa.

Sannan a koma gidajen. Kowane dattijo a kai masa hoton taro a wanke, a tura wa 'ya'yansa muryarsa, a kunna masa ya ji, in akwai abin da yake so a cire a cire. Kwafi ɗaya na komai a damƙa wa ƙungiyarsu. Wani kwafin a nemi sashen tarihi na jami'a ko kwalejin da ke kusa, ko Gidan Makama ga mutanen Kano, a tambaya ko za su karɓa, a kuma karɓi takardar shaidar miƙawa. Akwai ƙaramin gidan tarihin reluwe a Jaekel House da ke Ebute Metta, su ma ana iya sanar da su abin da aka tara.

A wannan zagayen ne za ka tsayar da ranar zama na gaba. Wata uku zuwa shida tazara ce mai kyau, kuma a ba shi jigo ɗaya, misali kakar gyaɗa ko layin Borno, don kada a maimaita labaran farko. Kafin ranar, buɗe rajista ka duba sunayen da aka ce suna ƙauye ko suna kwance ba su samu zuwa ba, ka raba su tsakaninku huɗun, kowa ya san gidan da zai je a wannan makon.